Matar Da Ta Ce A Yi Mata Aiki Ba Raguwa Ba Ce

Jama'a, 'yan'uwana mazauna Kurmi, akwai wata magana da ta taso tun zamanin annobar korona wadda har yanzu ba ta kwanta ba a zangunanmu. Ana cewa wai waɗansu daga cikin matanmu na Ikko da Badun da Fatakwal sun ɗauko sabon salo. Mace lafiyarta ƙalau, abin da ke cikinta yana kwance daidai, amma sai ta dubi likita ta ce ita dai a sa mata rana a yi mata aiki a ciro yaron, ba ta iya jiran naƙuda. In aka kawo zancen a majalisa, hukunci ba ya daɗewa. Wani ya ce ragwanta ce, wani ya ce zaman birni ne ya sangarta su, wani kuma ya ce ƙarancin tawakkali ne, ai iyayenmu goma-goma suka haifa a ɗaka ba wanda ya ji ko tarinsu. Ni dai ban yarda da wannan hukunci ba, ko da ya ke ban ce kowace mai ciki ta nufi wuƙar likita ba.

Bari mu fara tuna yadda shekarar 2020 ta kasance, don ɗan Adam mai mantuwa ne. Ran 27 ga Fabrairu aka tabbatar cutar ta shigo Nijeriya, a nan Ikko, a jikin wani mutumin Italiya. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umarnin kulle Legas da Ogun da Abuja daga daren 30 ga Maris, aka yi mako biyar a haka. Da aka sassauta ran 4 ga Mayu, sai aka kafa dokar hana fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe, aka kuma hana ƙetare iyakar jiha, ba a buɗe hanya ba sai 1 ga Yuli. Kano ma tana kulle tun tsakiyar Afrilu. Tun kafin wannan duka, ran 1 ga Fabrairu, gwamnatin Legas ta riga ta hana acaba da keke mai ƙafa uku a Ikeja da Apapa da Surulere da waɗansu sassa na gari.

To, mai karatu, ɗauki yarinya mai cikin fari ka ajiye ta a tsakiyar wannan hali. A al'adarmu in ciki ya tsufa sai a kai ta goyon ciki gidan iyayenta, ta haihu a gaban uwarta ko gwaggonta, ta yi wanka, sa'an nan ta dawo. Mu na Kurmi mun riƙe wannan al'ada gwargwadon hali. Wanda bai iya tura matarsa Katsina ko Sakkwato ba, ya kan aika a zo masa da tsohuwa ta zauna har a yi arba'in. A waɗannan watanni hanya biyun duk sun toshe, ita ba ta tafiya, tsohuwa ba ta zuwa. Ga ta a ɗaki ɗaya a Agege ko Mile 12, maigida watakila gadi ya ke yi, sai da safe ya ke dawowa. Ta san naƙuda ba ta duba agogo, in ta tashi ƙarfe biyun dare ba abin hawa, in ma an samu ga shingen 'yan sanda da soja a kowace mararraba. Doka ba ta hana kai mai naƙuda asibiti ba, amma kowa ya san tsakanin abin da doka ta ce da abin da mai tsaron shinge ya fahimta da tsakar dare akwai tafiya. In Allah ya sa ta isa, asibitoci da yawa a lokacin sun rage masu shiga da majiyyaci, sai a tsai da miji a ƙofa. Ta shiga ita kaɗai wurin mutane masu takunkumi a fuska, ba ta jin Yarbanci, ba ta jin Turanci, ko motsin leɓe ba ta gani balle ta yi hasashen abin da a ke gaya mata.

Yarinyar nan ta zauna ta yi lissafi. Ta ga naƙuda ba ta da rana, aiki kuwa yana da rana da sa'a. Za ta shiga asibiti da hantsi da ƙafarta, babban likita yana nan, an tanadi jini, miji yana bakin ƙofa. Ko lissafin nan ya yi daidai ko bai yi ba, za mu zo kansa. Amma wanda ya kira shi ragwanta bai taɓa sa kansa a matsayinta ba ko na minti ɗaya.

Tsoron haihuwa kuwa ba korona ce ta kawo shi ba, fito da shi fili kawai ta yi. Harshenmu ma shaida ne. Mai ciki a kan ce mata Allah ya raba lafiya, in ta sauka a ce barka da arziki, watau gaisuwar da a ke yi wa wanda mota ta kife da shi ya fito da rai. Tsofaffi su kan ce kabarin mai jego a buɗe ya ke har kwana arba'in. Mu ne muka cika kunnen yarinya da waɗannan tun tana ƙarama, sa'an nan muka koya mata cewa abin kunya ne a ji muryarta ranar haihuwar fari, ta cije ta haɗiye. Iyayenmu da a ke misali da su ba rashin tsoro ne ya sa suka yi shiru ba, hana su faɗa aka yi. Kuma a ƙidaya waɗanda suka haifi goma lafiya, a ƙidaya har da waɗanda suka tafi a ta fari ko ta uku, kowane gida yana da tasa. Masu maganar tawakkali kuma su tuna abin da malamai suka karantar da mu game da Nana Maryamu, cewa da naƙuda ta kai ta gindin dabino sai da ta yi burin a ce ta riga ta mutu kafin wannan rana. Ba wanda ya isa ya ce imaninta da sauransa.

Lissafin hukuma ma yana bayan mai tsoron. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata wajen 82,000 ne suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk waɗanda suka mutu ta wannan hanya a duniya. Mafi yawan wannan nauyi kuwa a kan Arewa ya ke. Macen da ta ce gabanta yana faɗuwa ba mafarki ta yi ba.

Akwai kuma tsoron da ya wuce na kowa da kowa, wanda ya zama ciwo. Waɗansu likitocin ƙwaƙwalwa biyu na Ingila, Hofberg da Brockington, sun yi rubutu a kansa a shekarar 2000, suka kira shi tokofobiya. Mai wannan ciwo ba ta barci, in an ambaci haihuwa jikinta ya ɗauki rawa, wata ma ta kan guji ɗaukar ciki ɗungum ko da tana son 'ya'ya kamar me. Sau da yawa yana da tushe. Wata ta kwana uku tana naƙuda aka ciro ɗa ba rai. Wata a gabanta yayarta ta zubar da jini har ta cika. Wata kuma tsawa da zagi ta sha a ɗakin haihuwa har ta rantse ba ta ƙara hawa wannan gado. Irin wannan ba a warkar da ita da gori.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mu da ke kukan an yi aiki ba dalili, babbar masifarmu ita ce rashin yin aikin a kan lokaci. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna ba a kai kashi 3 cikin 100 na haihuwar Nijeriya da a ke yi ta hanyar aiki ba, a Arewa kuwa abin ya fi haka ƙanƙanta. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce har adadin ya kai wajen kashi 10 cikin 100, ƙaruwarsa rage mutuwar uwa da jariri ta ke yi. Watau mata da yawa da ke bukatar aikin ba su samunsa. Tun ba yau ba aka san wannan. Farfesa Kelsey Harrison, likitan mata, mutumin Jihar Ribas, ya bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin koyarwa na Zariya daga 1976 zuwa 1979, aka buga sakamakon a 1985. Abin da ya gano shi ne mutuwa ta fi yin ɓarna nesa ba kusa ba a cikin matan da ba su taɓa zuwa awo ba, sai da abu ya ɓaci a gida aka kwaso su. Wanda ya ke son ganin ragowar wannan labari ya je Babbar Ruga a Katsina ya ga masu yoyon fitsari, yawancinsu doguwar naƙuda ce ta bar su haka, kan yaro ya tokare kwana da kwanaki har nama ya mutu. Aikin awa ɗaya da ya tsare su. Nawa ne daga cikinsu likita ya ce a yi, aka tsaya jiran miji ya dawo daga kasuwa, ko miji ya ce sai ya ji daga bakin mahaifiyarsa? A doka mace baliga mai hankali ita ke da ikon sa hannu a kan jikinta, amma asibitoci da yawa sun saba neman na miji, ita ma ba ta yarda ta sa ba da yawunsa ba. Mutanen da ke da irin wannan tarihi bai kamata su yi gaggawar yi wa wadda ta zo da wuri dariya ba.

Amma fa wuƙa tana da kuɗinta, ba kuma na aljihu kaɗai ba, wajibi ne in faɗa wa 'yan'uwana mata wannan ba ɓoye-ɓoye. Aikin ciro jariri babban aiki ne, ana yanka fata da mahaifa. Ana iya zubar da jini, ɗinki yana iya ruɓa, maganin kashe jiki yana iya juya wa mutum. Wani babban bincike da aka yi a ƙasashen Afirka 22, aka buga a 2019, ya sami cewa cikin kowace mata 1,000 da aka yi wa aikin fiye da 5 sun rasu, ninki 50 na abin da a ke gani a ƙasashe masu arziki. Gaskiya ne yawancin waɗannan aikin gaggawa ne, an kawo su a galabaice, wadda aka shirya wa rana ba ta cikin haɗari irin nasu. Duk da haka adadin yana gaya mana cewa aiki a Landan daban, aiki a ɗan asibitin lungu mai janareto ɗaya daban. Irin waɗannan ƙananan asibitocin kuɗi kuwa, in mace ta ce tana son aiki ba kowane ne zai tsaya ya tambaye ta dalili ba, don a nan ribarsa ta ke.

A zamanin annobar ma lissafin bai tafi gefe ɗaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa tun a 2020 cewa kamuwa da korona shi kaɗai ba dalilin yin aiki ba ne. Wadda ta haihu da kanta lafiya ta kan koma gida cikin yini ɗaya ko biyu. Wadda aka yi wa aiki sai ta ƙara kwanaki a kwance a wurin da a ke gudun cutar, sa'an nan ta koma ɗakin nan da ba uwa ba gwaggo, da ɗinki a ciki, ba ta iya ɗaukar bokitin ruwa. Kaɗaicin da ta gudu da dare sai ya tare ta da rana.

Babban abin da ya shafe mu fiye da sauran ƙabilu shi ne tabo. Baturiya mai niyyar haihuwa biyu in ta zaɓi aiki, lissafinta gajere ne. Binciken nan na 2018 ya nuna macen Arewa maso Yamma tana haihuwar 'ya'ya fiye da 6 a tsaka-tsaki, ta Kudu maso Yamma kuwa wajen 4. Kowane aiki yana barin tabo a mahaifa, kuma yawan tabo yana ƙara haɗarin mabiyiya ta sauko ta tare ƙofa, ko ta manne ta ƙi fita, abin da kan kai ga zubar jini mai tsanani har a cire mahaifar gaba ɗaya. Ba dole ba ne wadda aka yi wa aiki sau ɗaya ta dawwama a kansa. Likitocin Ingila sun ce wajen 3 cikin 4 na masu gwada haihuwa da kansu bayan aiki ɗaya suna yin nasara. Amma wajen 1 cikin 200 tabon kan yage ana cikin naƙuda, in ya yage kuwa mintoci ne tsakanin rai da mutuwa. Don haka ba a yin wannan gwaji sai a asibitin da ke da ɗakin fiɗa da jini a kusa. To, mu baƙi ne a nan. Yau kana Alaba Rago, gobe kasuwa ta juya ka kwashe iyali ka mai da su ƙauye, inda asibiti mai likitan fiɗa ya ke da nisan mil talatin, surukarta kuma ta ce a gidan nan ba a haihuwa a asibiti. Tabon da aka yi a Ikko zai bi ta har can. Yarinya mai shekara goma sha tara da ke neman aiki don tsoron dare ɗaya, ya kamata wani ya zauna ya gaya mata wannan cikin harshen da ta ke ji.

Wannan zama shi ne abin da ba mu yi. A Ingila, tun 2011 ƙa'idar da aka ba likitocinsu ita ce in mace ta nemi aiki don tsoro, a fara haɗa ta da wanda ya san ciwon damuwa su tattauna, a bayyana mata amfani da haɗarin kowace hanya. In bayan wannan duka ta ce har yanzu aikin ta ke so, a yi mata. Ban ga abin da ya saɓa wa hankali ko addini a wannan tsari ba. Sau da yawa in aka tona tsoron sai a tarar yana da suna, kuma yana da magani wanda ba wuƙa ba. Mai tsoron zafi a gaya mata akwai allurar da a ke yi a gadon baya mai rage zafin naƙuda, ko da ya ke sai a manyan asibitoci a ke samunta, kuma da tsada. Mai tsoron kaɗaici a tambayi asibiti tun da wuri ko za su bar wata mace ta shiga da ita. Mai tsoron dare a shirya mota da direba tun ciki yana wata bakwai, a karɓi lambarsa, a ajiye kuɗin mai a gefe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Duk wannan ba ya yiwuwa sai maigida ya taka da ƙafarsa zuwa wurin awo, ko sau biyu ne. Na san abin da za a ce, wai namiji a layin masu ciki abin kunya ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mutanen Idi-Araba ga asibitin koyarwa na Jami'ar Legas a ƙofar gidansu, na Sabon Badun ba su da nisa da UCH, amma sai ka tarar mutum ya shekara ashirin yana sai da kaya a bakin ƙofar asibiti bai taɓa shiga ya ga fuskar likitan matarsa ba. In Turanci ne matsala, a nemi mace mai jin harsunan biyu ta yi tafinta, kada a ɗauki ƙanin miji, don akwai abin da mace ba ta faɗa a gaban namijin da ba nata ba. A nan sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni suna da aikin yi. Yadda a ke tara kuɗin kai gawa gida cikin awa biyu, haka a ke iya ajiye sunayen mata masu tafinta, da masu mota, da samari masu ba da jini. A watan Maris 2020 wata babbar kotun Jihar Legas ta hana asibitocin gwamnati tilasta wa miji ba da jini kafin a karɓi matarsa, hukuncin kuwa ya yi kyau, amma jini ba a sama ya ke saukowa ba, sai wani ya miƙa hannu don kansa.

Kada kuma a ce ai korona ta wuce. An janye dokar ta-ɓaci ta duniya a kanta a watan Mayu 2023, amma abubuwan da suka tsorata matan nan suna nan. A watan Oktoba na 2020 ɗin ma an sake kulle Ikko dare da rana saboda zanga-zangar EndSARS. Kuɗin mota zuwa Arewa ya hana mutane da yawa tura mata goyon ciki, waɗansu hanyoyin kuma ba mai son ya sa mai ciki a kansu.

In an yi zaman nan duka, likita ya bayyana, an gwada abin da za a gwada, mace ta ce ita dai har yanzu ba ta iya fuskantar naƙuda, ra'ayina shi ne maigida ya sa hannu. Jikinta ne za a yanka, ita ce kuma za ta sha naƙudar in an ƙi. Sai dai a zaɓi asibitin da ke da likitan mata na gaske, da mai ba da maganin kashe jiki wanda ya koyi aikin, da ma'ajiyar jini. Kada a yarda a sa rana kafin ciki ya cika mako 39 in ba da dalilin likita ba, don huhun jariri bai gama nuna ba kafin nan. Zancen kuɗi kuma, a watan Nuwamba 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ba da sanarwar aikin haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi masu bukatarsa a asibitocin da aka zaɓa. An yi shi ne don wadda likita ya ce tana bukata, saboda haka a tambaya a wurin awo ko asibitin yana ciki, ko kuma matarka ta cancanta, kada a dogara da jita-jitar tasha.

Bayan an sauka lafiya, dangin miji da abokiyar zama su kama bakinsu da cewa wance ba ta haihu da kanta ba, ciro mata aka yi. Wannan gori ya sa mata da yawa sun ɓoye tabonsu, suka zauna naƙuda ta gaba a gida don su wanke kansu, waɗansu ba su tashi ba. Tsohuwar da za ta yi mata wankan jego ta jira izinin likita kafin ta kai tafasasshen ruwa da ganye kan ɗinki. A ba mahaifa hutu, kamar shekara biyu, kafin wani cikin. Ranar sallama kuma, kada ku bar asibiti sai an ba ku takarda mai bayyana dalilin aikin da irin yankan da aka yi wa mahaifa, don likitan da zai karɓe ta nan gaba, a Gusau ne ko a Azare, da wannan takarda zai san ko za ta iya gwada haihuwa da kanta. A ajiye ta a cikin akwatin matar, ba a aljihun maigida ba, a kuma kira uwarta a waya a gaya mata da baki cewa haihuwa ta gaba a asibiti za a yi ta.